Gado da Turke: Dalilin da Ya Sa Wani Sa Ya Fi Wani Riba

Duk wanda ya taɓa turke sa, ko don kasuwar Sallah ko don mahauta, ya san wani abu mai ɗaure kai. Mutum zai sayo shanu biyu rana ɗaya a kasuwar Wudil ko Potiskum, shekarunsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, ya ɗaure su a inuwa ɗaya, ya riƙa auna musu dusa da kowa da mudu ɗaya, harawa ma dami ɗaya suke ci. Bayan wata huɗu sai a ga ɗaya ya murje, tozonsa ya cika, cinyoyinsa sun yi ɓul-ɓul, ɗayan kuwa yana nan kamar a rariya ake zuba abincin. Masu kiwo kan ce na farkon yana karɓar kiwo, na biyun ba ya karɓa. Wani lokaci laifin tsutsar ciki ne, ko wani ciwo da ya ɓuya. Amma ko da an yi wa duka biyun magani, bambancin ba ya gushewa gaba ɗaya, domin wani sashe nasa tun daga cikin uwa aka zo da shi.

Babu inda aka bi diddigin wannan al'amari kamar Amurka, inda turke ya zama babbar masana'anta, kuma inda ake auna kowace loma da sa ya ci da kowane kilo da ya ƙara. Don haka ya kyautu a fara leƙa can.

Turken Amurkawa

A jihohin Teksas da Nebaraska da Kansas akwai manyan shingaye waɗanda ba ciyawa a cikinsu, sai kwamin abinci da na ruwa. Wannan shi ne babban turke. Sana'ar ta bunƙasa ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da noman rani da ingantaccen irin dawa da masara suka sa hatsi ya yi araha a yankin. A kowane lokaci akan sami shanu kimanin miliyan 11 a irin waɗannan wurare, wani turken shi kaɗai yakan ɗauki fiye da 50,000. Maraƙi kan shiga da nauyin kilo 300 zuwa 400, ya yi wata biyar zuwa bakwai yana cin hatsi, yana ƙara kimanin kilo ɗaya da rabi a kullum, sa'an nan ya fita zuwa mayanka ya haura kilo 600.

Lissafin mai wannan sana'a bai da wuyar fahimta. In aka cire kuɗin sayen maraƙin, abinci ne ke cinye mafi yawan abin da yake kashewa. Galibi sa yakan ci busasshen abinci kilo 6 kafin ya ƙara kilo 1. Alal misali, a ɗauka ana son shanu biyu su ƙara kilo 200 kowanne. Na farko yana bukatar kilo 6 na abinci a kan kowane kilo, na biyu kilo 7. Na farkon zai ci kilo 1,200, na biyun 1,400. Bambancin kilo 200 ne, wato buhu huɗu masu kilo 50. A turken da ke da shanu 10,000, wannan ɗan bambanci ya zama tan 2,000 na abinci. A shekarar da hatsi ya yi tsada, ribar sa guda ba ta kai kuɗin buhu huɗun nan ba.

Abin da ake gada

Jikin sa, kamar na kowace dabba, tarin ƙananan ƙwayoyin jiki ne waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zare-zare da masana ke kira kuromosom. Mutum yana da 46, saniya tana da 60, 30 daga uwa, 30 daga uba. A jikin waɗannan zare-zare ne ƙwayoyin gado suke jere. A shekarar 2009 aka wallafa cikakken karatun gadon shanu, wanda aka yi da jinin wata saniya jinsin Herefod mai suna Dominette, aka kuma ƙiyasta cewa ƙwayoyin gadonta sun kai 22,000.

Ɗalibin da ya karanta gwajin da Gregor Mendel ya yi da wake, wanda aka buga a 1866, zai iya zaton kowace siffa ƙwayar gado ɗaya ce ke juya ta. Haka abin yake ga wasu siffofi, kamar rashin ƙaho, ko baƙar fata da ja a shanun Angus. Amma saurin girma, da yawan ci, da tara kitse, ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne ke haɗuwa a kansu, kowace da ɗan nata ƙaramin tasiri, sa'an nan abinci da yanayi da lafiya su ɗora nasu. Saboda haka masana suka ƙirƙiro wani ma'auni, wato ƙarfin gado. Tambayar ita ce: cikin bambancin da ake gani tsakanin shanun da aka yi wa kiwo iri ɗaya, kashi nawa ne zai bi jini zuwa 'ya'ya? Ga saurin girma a turke, amsar tana tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Ga siffofin nama, kamar faɗin tsokar baya da kitsen cikin tsoka, takan kai 40 zuwa 50. Ga yawan haihuwa kuwa da ƙyar take kai 10. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, sai dai ɗan barewar da bai ƙoshi ba, ba zai kamo uwarsa ba. Fiye da rabin bambancin yana hannun mai kiwo da yanayin da dabbar ta tashi.

Ina abincin yake tafiya?

Nan ne ainihin zancen yake. Abincin da sa ya ci ba duka ne ke zama nama ba. Kusan rabinsa yakan tafi wajen riƙe rai kawai: bugun zuciya, numfashi, ɗumin jiki, tsayuwa da kwanciya, tuƙa, da aikin hanta da hanji, waɗanda ƙanana ne a ma'auni amma manyan maciya ne. Sai an biya wannan haraji tukuna sauran ya shiga gini. To, harajin nan kullum ake biyansa. San da ya kai nauyin yanka cikin kwana 150 ya biya sau 150, wanda ya ɗauki kwana 200 ya biya sau 200. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mai saurin girma ya fi riba ko da ya fi ci.

Abu na biyu shi ne irin ginin da jikin ke yi. Kimanin kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, ruwa kuwa ba ya cin hatsi. Kitse ba shi da ruwa sosai, kuma yana ƙunshe da kuzari fiye da ninki biyu na sinadarin gina jiki. Saboda haka kilo ɗaya na kitse ya fi kilo ɗaya na tsoka tsada nesa ba kusa ba. Dabba takan fara gina ƙashi, sai tsoka, sai kitse daga ƙarshe, kuma gado ne ke tsaida lokacin da za ta juya daga wannan zuwa wancan. Shanun Birtaniya, irin su Angus da Herefod, suna saurin balaga, suna fara tara kitse da wuri. Manyan shanun Faransa, irin su Sharole da Limuzin, suna daɗewa suna gina tsoka. Mai turken da ya ci gaba da ciyar da san da ya riga ya juya zuwa kitse, yana sayen abu mai tsada ne wanda mahauci zai yanke ya zubar.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. A shekarar 1963 wani masani ɗan Amurka, Robert Koch, da abokan aikinsa suka lura cewa ko da shanu biyu nauyinsu ɗaya, saurin girmansu ɗaya, ɗaya yakan fi ɗaya ci. Sai suka ce a lissafa abin da ya kamata sa ya ci bisa nauyinsa da girmansa, a cire daga abin da ya ci a zahiri. Abin da ya rage shi ne rarar ci. San da rararsa ta yi ƙasa da sifiri mai tattali ne, wanda tasa ta haura kuwa almubazzari ne. An yi shekaru ba a waiwayi wannan ra'ayi sosai ba, domin auna abincin kowane sa shi kaɗai aiki ne mai cin rai. A shekarun 1990 aka gwada shi a tashar bincike ta Trangie da ke Ostireliya. Aka raba shanun Angus gida biyu, masu tattali suna barbara da masu tattali, almubazzarai da almubazzarai. Bayan kimanin zuriya biyu, 'ya'yan gidajen biyu suna girma daidai wa daida, amma na gidan tattali suna cin abinci ƙasa da na ɗaya gidan da fiye da kilo 1 a kowace rana. Yau akwai kwamin da ke da sikeli a ƙarƙashinsa, wanda ke gane kowane sa ta wata 'yar alama da aka maƙala masa a kunne, ya rubuta abin da ya ci a kwamfuta. Akan yi gwajin na kimanin kwana 70.

Dalilan tattalin suna da yawa. Wani san ya fi narka abinci. Wani ba ya yawan zirga-zirga da firgita. Wani kuma jikinsa ba ya yawan rushe tsoka yana sake ginawa, aikin da ke ƙone kuzari a banza. Zancen firgita ma abin lura ne: an tabbatar da cewa shanu masu saurin tsorata da faɗa sun fi jinkirin girma a turke, kuma halin nan shi ma ana gadonsa.

Farashin nama

A Amurka ba nauyi kaɗai ake saye ba. Bayan an feɗe sa, akan yanka tsokar baya tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13 a duba ɗigo-ɗigon kitsen da ke cikin jan naman. Yawansa ne ke tsaida darajar gawar, domin shi ke sa nama zaƙi da laushi in an gasa, kuma kowace daraja da farashinta. Wannan ne ya ɗaga jinsin Angus, wanda asalinsa daga Sikotilan yake, aka kai bijimansa huɗu Kansas a 1873. A 1978 ƙungiyar masu kiwonsa ta fito da tambarin nama nata, wanda sharaɗinsa na farko shi ne sa ya kasance baƙi. Tun daga nan baƙin maraƙi ya fi ja kuɗi a kasuwa, har masu wasu jinsunan suka shiga mai da nasu shanun baƙaƙe.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne yadda kuɗi ke komawa baya. Mayanka ta biya mai turke bisa ingancin nama, mai turke ya biya mai maraƙa bisa sunan ubansu, mai maraƙa kuma ya sayi bijimi bisa takarda. A takardar nan akwai lambobin da ke hasashen yadda 'ya'yan bijimin za su bambanta da na wani. In an rubuta wa ɗaya 30 a nauyin yaye, ɗaya kuma 20, ana sa ran 'ya'yan na farkon su fi na biyun da 10 a matsakaici. Hanyar lissafin ta samo tushe daga aikin Charles Henderson na Jami'ar Cornell, tana haɗa bayanan dabbar da na iyayenta da 'yan'uwanta da 'ya'yanta. Daga wajejen 2008 aka ƙara da gwajin gashin wutsiya ko ɗan yankin kunne, inda ake karanta wurare kimanin 50,000 a zaren gado, ta yadda tun maraƙi na shan nono za a iya hasashen abin da zai haifa.

Inda zaɓe ya wuce gona da iri

Zaɓen siffa ɗaya tilo yana da haɗari, kuma tarihi ya nuna haka fiye da sau ɗaya. A shekarun 1940 da 1950 Amurkawa suka ƙwallafa rai a kan gajerun shanu masu dunƙulallen jiki, sai ga wadanni sun cika garkunan Herefod, domin wata ɓoyayyiyar ƙwayar gado ta bi fitattun bijimai ta yaɗu. A 2008 kuma aka gano wata cutar gado a Angus, wadda ke sa a haifi maraƙi matacce a lanƙwashe, aka bi sawunta zuwa jinin wani bijimi da aka yi amfani da maniyyinsa a kan dubban shanu.

Shanun Beljiyam masu shuɗin jiki misali ne na daban. A 1997 masana a Jami'ar Liège da Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa haruffa 11 sun ɓace daga wata ƙwayar gado tasu mai suna mayositatin, wadda aikinta shi ne taka wa tsoka birki. Da birki ya lalace, sai tsoka ta yi ta ninkuwa. Nama ya samu, amma maraƙan sun fi ƙarfin ƙugun iyayensu, har yawancinsu sai likita ya tsaga ciki ya ciro su. Sai kuma baƙar fatar da kasuwa ke so, wadda ta fi kowace zuƙar zafin rana. A watan Yuni na 2022, wani matsanancin zafi ya kashe aƙalla shanu 2,000 a turakun kudu maso yammacin Kansas cikin 'yan kwanaki. Masu ƙiba da masu baƙar fata su ne suka fi shiga haɗari a irin wannan yanayi.

Shanu masu tozo

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shanun Turai an zaɓe su ne a ƙasar sanyi da wadatar abinci. Shanu masu tozo, dangin na Indiya da na Afirka, suna da sakakkiyar fata, gajeren gashi mai santsi, da ƙarfin zufa. Suna jure kaska, kuma harajinsu na riƙe rai bai kai na shanun Turai ba. A gefe guda kuma ba su kai su saurin girma a kan hatsi ba, kuma namansu ya fi tauri, saboda yawan wani sinadari, kalfasitatin, da ke hana tsoka sakin jiki bayan yanka.

Amurkawan kudu sun warware wannan ta hanyar gauraya. Jinsin Santa Gertrudis, wanda aka amince da shi a 1940, kashi biyar cikin takwas na jininsa na Turai ne, uku na mai tozo. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya juya lissafin: jinsin Bonsmara da ya samar a tashar Mara kashi biyar na shanun ƙasar ne, uku na Turai, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawa a turakun ƙasar. Gauraya tana da wata garaɓasa kuma, wato ƙarfin ruwa-biyu: ɗan jinsi biyu yakan fi matsakaicin iyayensa lafiya da haihuwa. Binciken cibiyar Clay Center da ke Nebaraska ya nuna cewa gaurayar jinsi uku cikin tsari tana ƙara nauyin maraƙan da ake yayewa a kan kowace saniya da fiye da kashi 20 cikin 100. Sai dai garaɓasar tana raguwa in aka bar 'yan ruwa-biyu suna barbara a junansu ba tsari.

Ba kuma kowace gauraya ce ke yin kyau ba. A shekarun 1950 aka kawo bijiman Burahman daga Amurka zuwa tashar Wakwa, kusa da Ngaundare a Kamaru, aka haɗa su da Gudalin Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma ƙwarai, amma ciwon kirci ya addabe su fiye da shanun gida. Mai tozo ne ya haɗu da mai tozo, duk da haka baƙo ya nuna baƙuntarsa.

Turken gida

A ƙasar Hausa da kewayenta akwai Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Bokoloji na Sakkwato masu gajeren ƙaho da cikar jiki, da Azawak da ake tacewa a tashar Tukunus ta Nijar. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana gwada waɗannan shanu a turke, kuma da kyakkyawan abinci sukan ƙara abin da ya kusa kilo 1 a rana. Wannan ba abin rainawa ba ne ga dabbar da ke cin dusa da harawa da ƙulin angurya, abubuwan da ba sa gasa da tukunyar gida, cikin zafin da zai kwantar da Angus.

Akwai wata ƙiba da ke ruɗin mutane. Ramammen san da ya sha yunwar rani, in ya samu abinci, yakan yi girma cikin sauri na 'yan makonni, jiki na biyan bashin da ake binsa. Gogaggun masu turke sun san haka, shi ya sa suke neman sa mai babban ƙashi da doguwar gangar jiki wanda rama ce kawai ta kama shi. Dabara ce mai kyau, amma ba gado ba ce, ba kuma za ta bi 'ya'yansa ba.

Babbar matsalar ita ce igiyar da ta haɗa mayanka da garke a Amurka, a nan a tsinke take. Makiyayi ya san asalin kowace saniyarsa, uwa da kaka, kuma yana zaɓen bijimi da basira, amma abin da yake nema shi ne nono, da jure tafiya, da tsallake rani. Mai turke ya ga san da ya karɓi kiwo, amma bai san ubansa ba, domin ya ratso hannun dillalai uku ko huɗu kafin ya iso gare shi. Ciniki da ido ake yi da shafa baya, ba da sikeli ba. Daga ƙarshe san da ya fi kowa nuna kyakkyawan gado shi ne ke fara zuwa wuƙa, ba tare da ya bar ɗa ko ɗaya ba. Masu ɗokin shigo da maniyyin shanun waje sun tsallake wani mataki mai araha, domin bambancin da ke tsakanin Bunaji da Bunaji kansa dukiya ce da ba a taɓa sosai ba, kuma ƙarfin gado na kashi 30 zuwa 40 ya isa a gina zaɓe a kansa.

Matakin kuwa awo ne da rubutu, kuma gonar makarantar sakandare za ta iya somawa da tef ɗin tela da littafi. A auna zagayen ƙirjin sa daidai bayan ƙafafun gaba, a auna tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 10,840. Amsar ita ce ƙiyasin nauyi da kilo. San da ƙirjinsa 150 ne, tsawonsa 120, zai kai kimanin kilo 249. A maimaita awon duk mako biyu, da safe kafin a ba shi ruwa, a kuma rubuta mudun abincin da aka zuba masa da wanda ya rage, kowane sa da shafinsa, a saman shafin kuma a sa kasuwar da aka sayo shi da sunan garken da ya fito in dillali ya sani.